Akwatin Kallo ta Intanet a Garwa: Dalilin da Hoton Wani Ke Fitowa Tar, na Wani Kuma Dishi-dishi

Tun bayan da kamfanonin waya suka fara shimfiɗa sabis ɗin 4G a Kamaru a ƙarshen shekarar 2015, wani ɗan ƙaramin akwati baƙi, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, ya samu mazauni a gefen talabijin a gidaje da shaguna da ɗakunan samari na Garwa da Marwa da Ngaundare. Masu sayarwa sun fi kiransa Android boks ko TV boks, aikinsa kuma shi ne ya jawo bidiyo daga intanet ya miƙa wa talabijin ta wayar HDMI, wato igiyar da ke ɗaukar hoto da sauti a lokaci guda, ta yadda ko talabijin ɗin da ba a ƙera shi da intanet ba zai iya nuna YouTube da Netflix da tashoshin ƙwallo. Bakin masu amfani da shi kuwa ya ƙi zama ɗaya: mutum biyu za su sayi samfuri guda a shago guda, ɗaya ya rantse cewa hoton na fitowa tar har ana ganin zufa a goshin ɗan wasa, ɗayan ya ce asarar kuɗi ce, domin hoton dishi-dishi ne kuma ba ya minti biyar bai tsaya ba. Galibi dukansu gaskiya suke faɗa, sai dai kowannensu yana ɗora wa akwatin yabo ko laifin da ba nasa ba, domin hoton da ke isa idon mai kallo a Garwa ya ratso hannaye da yawa kafin ya zo, akwatin kuma ɗaya ne kawai a cikinsu, sau da yawa ma ba shi ne mafi rauni ba.

Buƙatar da ta kawo akwatin ta girme shi nesa ba kusa ba. Gidan talabijin na ƙasa, wanda ya fara aiki a 1985 kuma aka san shi yau da CRTV, yana watsa mafi yawan shirye-shiryensa da Faransanci da Ingilishi, saboda haka Hausawa da Fulanin arewa da ke son kallo da harshen da suke ji sun daɗe suna dogaro da kaset da faifan bidiyo na Kano da ke shigowa ta Yola da Mubi, daga baya kuma da farantin tauraron ɗan Adam. Masu son ƙwallon Turai suka rungumi dikodar Canal+, wasu suka koma StarTimes ko ga masu jan waya gida-gida a unguwanni, sannan buɗe tashar Arewa24 a 2014 ya ba iyalai tashar Hausa zalla da ake kamawa kyauta ta faranti. Babban sauyin ya zo ne a wajen 2020, lokacin da masu shirya finafinan Kannywood suka karkata ga shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda ake sakin sabon kashinsu mako-mako a YouTube, kuma dandamali irin su Northflix suka fara sayar da kallo ta intanet. Wayar hannu ta ishi mutum ɗaya a ɗakinsa, amma gidan da ake taruwa bayan Isha'i, da uwargida da yara da maƙwabta, yana buƙatar babban allo, nan ne kuwa akwatin ya samu kasuwa.

Akwatunan iri biyu ne, ko da yake kwalayensu ba sa bayyana haka. Akwai waɗanda manyan kamfanoni suka ƙera kuma masu finafinai suka tantance, kamar Mi Box na Xiaomi da Fire TV na Amazon da Chromecast na Google da Apple TV, akwai kuma masu araha da ke ɗauke da sunaye irin su MXQ da X96 da T95 da H96, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwannin Afirka. Na biyun ana harhaɗa su ne a masana'antu daban-daban na Sin, a kan ƙwaƙwalwar na'ura ta kamfanonin Amlogic ko Rockchip ko Allwinner, kuma sunan da ke jikinsu bai zama mallakar masana'anta guda ba, ta yadda akwati biyu masu suna ɗaya da kamanni ɗaya za su iya bambanta a ciki, a ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ƙarfin kama Wi-Fi. An sha samun waɗanda girman ma'ajiyar da aka rubuta a kwali, har ma wanda akwatin ke nunawa a allo, ya zarce abin da ke ciki. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa shaidar wani mai amfani ba lallai ta yi wa na kusa da shi amfani ba, ko da sunan da suke ambata ɗaya ne.

Kalmar da ta fi sayar da akwatin ita ce 4K, wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, kuma ita ce ta fi jawo ɓacin rai. Hoton talabijin an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi da ake kira fiksel, yawansu kuma shi ne ma'aunin farko na kaifin hoto. Hoton da ake kira 720p yana da ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, na 1080p yana da 1920 da 1080, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, na 4K kuma yana da 3840 da 2160, wanda ya haura miliyan 8. Rubutun da ke kwali yana nufin akwatin na iya fitar da sigina mai wannan girma, ba ya nufin bidiyon da ke shigowa yana da wannan kaifi, ba kuma ya nufin talabijin ɗin na iya nuna shi. Yawancin talabijin masu inci 32 da ake sayarwa da araha ɗigonsu 1366 ne da 768, saboda haka duk abin da aka aika musu sai sun rage shi zuwa iyakarsu. Idan kuma bidiyon ne ƙarami allon babba, akwatin ko talabijin ɗin zai miƙe hoton ya cike guraben da ƙiyasi, abin da ke sa fuskoki su yi sulɓi kamar an shafe su, gefen rubutu kuma ya yi gashi-gashi. Akwai kuma iyakar ido kansa, domin wanda ke zaune a tabarma taku uku ko huɗu daga allo mai inci 32 da wuya ya bambance 720p da 1080p, balle 4K. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi yawan ɗigo tasiri shi ne yawan bayanan da ke isowa a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. Ɗanyen bidiyo ya fi ƙarfin hanyoyin sadarwa na yau da kullum, don haka ake matse shi ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba, da kuma aika abin da ya sauya kawai daga wannan hoto zuwa na gaba. Tsarin matsewa na H.264, wanda ya fito a 2003, shi ne ya fi yaɗuwa, sai H.265 na 2013 wanda ke iya ba da irin wannan kyau da kusan rabin bayanan, sai AV1 na 2018 wanda YouTube da Netflix suka fara amfani da shi. Wannan ne ke bayyana wani abu da masu kallo ke lura da shi ba tare da sanin dalili ba: wasan kwaikwayo da ake zaune a falo ana magana yana fitowa da kyau ko da sabis ya yi rauni, domin bango da kujeru ba sa motsi, amma da zarar an koma ƙwallo, inda kyamara ke bin gudu kuma kowane ɗigon ciyawa ke sauyawa, sai filin ya farfashe ya zama murabba'ai. YouTube na ba da shawarar megabit 1.1 a daƙiƙa don 480p, da 2.5 don 720p, da 5 don 1080p, da 20 don 4K. Idan aka lissafa da wannan gudu, kallon awa ɗaya zai ci kusan rabin gigabait a 480p, da gigabait 2 da rubu'i a 1080p, da gigabait 9 a 4K. A ƙasar da akasarin mutane ke sayen data ta kwana ko ta mako da Orange Money ko MoMo, wannan lissafi ya isa ya nuna cewa mai ƙorafin "akwatin na cin data" da mai yabon "hotonsa tar" suna magana ne a kan abu ɗaya daga ɓangarori biyu.

Manhajojin zamani ba sa aika bidiyo a dunƙule. Suna yanka shi gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi, su ajiye kowace gunduwa a matakan kyau daban-daban, akwatin kuma ya riƙa zaɓar matakin da sabis ɗin wannan lokaci zai iya ɗauka. Yana kuma tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba kafin ya nuna, kamar yadda ake cika randa tun famfo na zuba domin a ci gaba da sha idan ya ɗauke. Da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo, wadda ake cewa "yana lodin", alama ce cewa randar ta ƙare. Saboda haka hoto guda zai iya farawa dishi-dishi, ya washe bayan rabin minti, ya sake lalacewa da ƙarfe tara na dare lokacin da duk unguwa ta hau turken sadarwa ɗaya tana rabon ƙarfinsa. Mai gwada akwati da hantsi a shagon da ke kusa da turke da mai kunna shi da dare a bayan gari, a ɗaki mai rufin kwano, ta hanyar jona shi da wayar hannu, ba su ga abu ɗaya ba.

Turken ma ba shi ne farkon hanyar ba. Intanet na shigowa Kamaru ne ta wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Duwala da Limbe da Kribi, cikinsu akwai SAT-3 da WACS da kuma SAIL, wadda aka kammala a 2018 tsakanin Kribi da Fortaleza ta Brazil. Daga gaɓar teku sai ya bi wayar gilashi, wadda ke ɗaukar bayanai da haske kuma kamfanin gwamnati na Camtel ke riƙe da babban layinta, ya ƙetare dajin kudu da tsaunukan Adamawa kafin ya iso kwarin Binuwai, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Duk inda mai gyaran hanya ko ruwan sama ya tsinke wannan waya, Garwa za ta ji a jikinta. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Kamaru, sun shiga matsalar intanet ta kwanaki. Kafin nan, a Afrilun 2023, masu amfani da waya a Kamaru sun yi wani bore na lumana inda suka riƙa kashe sabis ɗin wayoyinsu na wasu sa'o'i da rana domin nuna fushi kan tsada da rashin inganci, kuma a watan da ya biyo baya hukumar ART mai sa ido kan sadarwa ta ci tarar kamfanoni huɗu jimillar sefa biliyan 6. Masu hali da suka so kauce wa duk wannan ta hanyar Starlink, mai kawo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan Adam, sun gamu da umarnin hukumar kwastan na 2024 na kama na'urorinsa saboda rashin lasisi. Ƙorafin da ake yi wa akwatin, wani kaso mai yawa nasa na wannan doguwar hanya ne.

Akwai dai laifin da yake na akwatin ne shi kaɗai. Kamfanonin finafinai suna kulle kayansu da wani makulli na Google mai suna Widevine, wanda ke da matakai: na L1 an gina shi a cikin ƙwaƙwalwar na'urar, na L3 kuma manhaja ce kawai. Netflix, wanda ya buɗe wa Kamaru ƙofa a Janairun 2016 tare da wasu ƙasashe 130, ba ya sakin hoto mai kaifi sai ga na'urar da ya tantance, saboda haka akwati mai araha yana tsayawa a ƙaramin mataki ko da mai shi ya biya kuɗin wata mafi tsada kuma sabis ɗinsa ba shi da aibu. Wanda YouTube kaɗai yake kallo ba zai taɓa cin karo da wannan shinge ba, shi ya sa zai yi mamakin jin ana kushe akwatin da shi yake yabo.

Wuta da zafi su ma suna da nasu rabon, kuma a nan ne arewa ta bambanta da Yawunde da Duwala. Jihohin arewa uku suna kan layin lantarki nasu na daban, wanda ya dogara da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai mai ƙarfin megawat 72, kuma raguwar ruwanta ta jefa yankin cikin rabon wuta mai tsanani a farkon shekarun 2020, kafin tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, masu kusan megawat 30 a haɗe a lokacin, su kawo sauƙi. Dikodar faranti tana dawowa da hoto jim kaɗan bayan an kawo wuta, akwatin kuwa sai ya sake tashi kamar kwamfuta, modem, wato na'urar da ke kawo intanet, ya sake neman sabis, wani lokaci turken kansa ma ya mutu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke kaiwa digiri 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwar akwatin da ba shi da fanka tana rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, sai hoto ya fara ɗingishi bayan awa ɗaya ko biyu, musamman idan an cusa shi a bayan talabijin kuma ƙurar hunturu ta toshe 'yan ramukan shan iskarsa. Da damina kuwa lamarin kan juya, domin ruwa mai ƙarfi yana yanke siginar faranti, yayin da mai akwati kan ci gaba da kallonsa muddin turke na aiki.

Ƙwallo ce babbar jarrabawa. Garwa gari ne na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, kuma a filin Roumdé Adjia ne Najeriya ta doke Masar da ci 1 da nema a ranar 11 ga Janairun 2022 a gasar cin kofin Afirka, kafin Tunisiya ta fitar da Najeriya a wannan fili ranar 23 ga watan, don haka masu kallon garin ba baƙin abin ba ne. Abu biyu ke damunsu da akwatin. Na farko jinkiri ne: yankawa da tarawar da aka bayyana a sama suna sa wasan intanet ya biyo bayan na faranti da rabin minti ko fiye, ta yadda ihun gidan kallo na maƙwabta kan sanar da mai akwati an ci ƙwallo tun ɗan wasan bai karɓi fasin ba. Na biyu tsalle-tsallen hoto ne idan kyamara ta juya, wanda sau da yawa ba daga sabis yake ba: ana ɗaukar wasannin Turai da Afirka a kan hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa, akwatuna da yawa kuma suna zuwa a saite kan 60, rashin daidaiton sai ya sa motsi ya riƙa ƙyafta. Mayar da saitin zuwa 50Hz yana gyara wannan cikin minti ɗaya, abin da masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba. Sai kuma batun lambobin IPTV, wato na kallon tashoshi ta intanet, da ake sayarwa tare da akwatin, masu alkawarin dubban tashoshi na shekara guda a kan kuɗi kaɗan. Mafi yawansu sata ce daga masu haƙƙin watsawa, an sake matse su domin rage kuɗin ajiya, kuma a daren babban wasa, lokacin da kowa ya hau, su ne farkon durƙushewa, wanda ya saya kuwa ba shi da inda zai kai kuka.

Akwai wani aibu da ba ya fitowa a ra'ayin masu amfani ko kaɗan, domin ba a ganinsa a allo. A Janairun 2023 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Kanada, Daniel Milisic, ya gano cewa akwatin T95 da ya saya ya zo da muguwar manhaja tun daga masana'anta, binciken kamfanin Human Security na 2023 kuma ya nuna cewa babbar harka ce, wadda aka raɗa wa suna Badbox. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan sabon salonta, a Yuli kuma Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne abin ya shafa. Irin wannan akwati yana danna tallace-tallace a ɓoye, yana kuma ara wa baƙi layin intanet ɗin mai gida su yi abin da suka ga dama da sunansa. Ga mai layin da ba shi da iyaka a Turai wannan matsalar tsaro ce, ga mai sayen gigabait ɗaya-ɗaya a Garwa kuwa har da aljihu, domin datarsa na iya tafiya ko talabijin na kashe. Hankali ya ba da cewa kada a shigar da asusun imel ko na kuɗi a akwatin da ba a san asalinsa ba, a kuma cire shi daga wuta idan an gama.

Ra'ayin da ya cancanci a saurara, idan haka ne, shi ne wanda ya faɗi layin da aka yi amfani da shi, da unguwa, da lokaci, da girman talabijin, da abin da aka kalla, domin "yana da kyau" ba tare da waɗannan ba shaida ce a kan daren mutum ɗaya. Ya kamata kuma a lura cewa ma'aunin mai kallo a arewa ya sha bamban da na masu sharhin na'urori a Turai da Amurka, waɗanda ke auna zurfin baƙi da hasken launi: iyalin da ke bin Labarina za su yafe hoto mai ɗan hazo, amma ba za su yafe tsayawa a tsakiyar magana ba, ko bakin jarumi ya riga muryarsa. Wannan zaɓi ne mai ma'ana, kuma tsayar da YouTube a 480p ko 720p da hannu, maimakon barinsa ya riƙa hawa da sauka, yakan ba da kallo mafi natsuwa da data mafi ƙanƙanta.

Gidaje da dama ma sun sallami intanet ɗin gaba ɗaya, suna amfani da ramin USB da ke gefen akwatin, inda ake soka filash ɗin da aka cika a wajen masu tura finafinai a kasuwa. A nan babu turke, babu wayar teku, babu cunkoson dare, kyawun hoto ya rataya ne a kan fayil ɗin da kuma akwatin: fim ɗin da ya bi ta WhatsApp ko aka sauke shi a 360p domin ya shiga waya ba zai gyaru ba ko a wane allo, wanda aka sauke a 720p ko 1080p kuwa zai nuna ainihin ƙarfin na'urar. Mai saye da ya je shago da nasa filash, ɗauke da fim ɗaya na H.265 da guntun wasan ƙwallo, ya nemi a kunna masa su na minti ashirin a talabijin mai girman nasa, zai ga ko hoton na sarƙewa, ko sauti na bin baki, zai kuma ji da hannunsa irin zafin da akwatin ya ɗauka kafin ya biya kuɗi.